Farfesa Pang da Warin Iya

Duk wanda ya sauka a ƙauyenmu Ƙafar Agwagwa, can cikin duwatsun lardin Hubei, a lokacin kaka, hancinsa ne yake fara gaisawa da Iya kafin idonsa ya gan ta. Iya bishiyar ginko ce, tana tsaye a tsakiyar gari tun kafin a yi garin. In sanyi ya fara shigowa sai ganyenta ya koma kamar zinariya, ta fara zubo 'ya'ya. Ƙwallon ciki, in aka wanke aka gasa ko aka jefa a miyar kaza, ba a magana. Amma naman da ya lulluɓe shi, in ya faɗo ya fashe, kai ka ce yaro ne ya yi amai a tukunyar man da ya shekara. Ni shaida ne, don a gindinta nake da rumfar awara. Sunana Shen.

Tsallaken rafi akwai wani ƙauye, su bishiyoyinsu duk maza ne. Namijin ginko ba ya haihuwa, garin rawaya kawai yake saki a farkon bazara, iska ta kwaso ta kawo wa mata. Wato su suke jawo cikin, mu muke shan warin. Mutanen birni masu zuwa ɗaukar hoton ganye kuwa, motarsu tana tsayawa a wajenmu, su leƙo, su toshe hanci, direba ya ja zuwa tsallake. Can suke cin taliya, can suke kwana, can suke sayen awarar da ba ta kai tawa ba.

A haka Pang Dehai ya dawo gida. Ya yi 'yan shekaru yana gadin ƙofa a wani lambun shuke-shuke a birni, inda yake jiyo malamai suna yi wa ɗalibai bayani ta bayan shinge. Ya dawo da farar riga irin ta likitoci, da tabarau, da alƙaluma a jere a aljihu, ya ce daga yau a riƙa ce masa Farfesa. Matarsa Guilan ta ce ita dai Dehai ta aura, in Farfesa yana son abinci ya je birni.

Bayan bikin sabuwar shekara shugabar ƙauyenmu, Madam Lou, ta tara mu a gindin Iya. Ta ce bana sai mun yi bikin ganyen zinariya namu na kanmu, har ta gayyaci mataimakin shugaban gunduma, kuma ya amsa. Saura maganar wari.

Pang ya miƙe ya gyara tabarau. “Shugaba, ba na son in yi magana, amma ilimi ya yi mini nauyi. Kun san wace ce wannan? Tun kafin a yi fure a duniya danginta suke nan. Sun ga ƙattin ƙadangarun nan na zamanin da, masu tsawon gida, sun ga mutuwarsu. Danginta duk sun ƙare, ita kaɗai ta rage. Garin namijin ma ba irin na sauran itatuwa ba ne, in ya shiga jikinta iyo yake yi kamar talibambam. Ni na yi shekaru ina nazarinta.”

“Ta bayan shinge,” in ji Guilan.

“Mace, ana maganar kimiyya! Shugaba, maganin mai sauƙi ne. Ba miji, ba ciki. Ba ciki, ba 'ya'ya. Ba 'ya'ya, ba wari. Kulle za mu sa Iya.”

Na ce, “Farfesa, tsohuwar da ta girmi garin za ka sa wa kulle?”

“Shi ya sa ta lalace, Shen. Ba wanda ya taɓa tsawata mata.”

Madam Lou ba ta da wata dabara, sai ta ce a gwada.

Da bazara ta shigo, tun sanyin dare bai gama tafiya ba, Pang ya bi gida gida yana karɓar barguna. Shi da ƙanen matarsa, Fugui, wani ƙato mai sanyin hali da bai iya cewa a'a ba, suka kafa dogayen gora a gefen rafi, suka ɗinke barguna suka rataya. Garin ya kwana cikin sanyi, tsofaffi suna tari suna tsine masa. Da hantsi iskar da ake jira ta taso. Labulen ya cika ya kumbura kamar filafilan jirgin ruwa, gorar ta tumɓuke, bargunan ƙauye guda suka tashi sama suka haye rafi.

Kafin la'asar sai ga Tsoho Kuang, babban mai bakin tsallake, ya hayo gada yana jan ɓaunarsa ta noma, an lulluɓe ta da jan bargo mai hoton tsuntsaye.

“Sannunku surukai!” ya ce. “Mun ga kayan ɗakin amarya sun iso. Sai dai an yi garaje, ba a aiko da gado ba.”

Guilan ta ƙwalla ƙara. “Bargon aurena ne a kan dabba! Dehai, da hannun uwata aka ɗinka shi!”

“Gwaji ne,” in ji Pang. “Duk masani yana fara gwada ƙarfin iska.”

Ya ɗaga kai ya ga rawayan gari ya ɗan sauka a kan Iya, sai ya ce ba komai, abin da ya hau da iska zai sauka da ruwa. Wanka za a yi mata. Ya aro injin ban ruwan gonar shinkafa, ya sa Fugui ya ja tiyo zuwa rafi. Wurin da ya fi zurfi kuwa wata kwana ce, daidai ƙarƙashin mazajen tsallake.

“Yaya,” Fugui ya ƙwala daga can, “ruwan nan rawaya ne fa, har kumfa yake yi.”

“Rawaya launin sarakuna ne. Tayar da inji!”

Pang ya hau tsani da bakin tiyo, ya wanke Iya tun daga ƙoli har saiwa, reshe reshe, ganye ganye. Da ya ga abin ya yi masa daɗi sai ya zagaye gari, duk wata macen ginko, ta bakin makaranta, ta bayan gidan aski, ta ƙofar gidan Madam Lou, sai da ya yi mata wanka. Mutanen tsallake suka jeru a bakin rafi suna tafi. Pang ya rusuna musu daga kan tsani.

“Ka gani, Shen? Har abokan gaba sun sallama.”

Da damina ta kankama na ɗaga kai wata safiya na ga abin da kakana bai taɓa gani ba. 'Ya'ya ne a jikin Iya kamar an zuba da kwando, cunkus, har ba a ganin ganye. Rassa suka sunkuyo. Ranar sai ga Tsoho Kuang kuma, da kwandon jajayen ƙwai irin wanda ake rabawa in an yi haihuwa.

“Barka, barka! Angwaye sun ce a gaishe da ungozoma. Mu da muke ta fama iska tana ɓatar mana da rabin garin a hanya, sai ga Farfesa ya kai shi har ɗaki da inji.”

Guilan ta juya ga mijinta a gaban kowa. “Ba kai ne ka tsaya a nan ka ce sun iya iyo ba?”

“Na ce.”

“To sai ka kawo musu ruwa?”

Pang ya karɓi ƙwai ya ɓare ya cinye. “Ba ku gane ba. Wannan ita ce haihuwar ƙarshe. Na sa ta juye duk abin da ke cikinta ne gaba ɗaya, ta huta.”

Bai rufe baki ba muka ji ƙara. Wani reshe mai kaurin cinyar ɓauna ya ɓallo ya sauka a kan rumfata, ya raba ta biyu, awarar ranar ta koma kunu. Na fito daga ƙarƙashin tebur da ludayi a hannu.

“Farfesa, wannan ma gwaji ne?”

“Naƙuda ce, Shen. Ka yi haƙuri da mai ciki.”

Muka wuni muna tokare rassa da gora, Iya ta koma kamar tsohuwa mai sanduna ɗari.

Kaka ta zo, 'ya'ya suka nuna, suka fara faɗowa. Da can wari yana tsayawa ne a dandali. Bana ya shiga ɗakuna, ya shiga akwatuna, ya shiga shayi. Mai kawo wasiƙa ya daina shigowa, daga kan gada yake jefowa. Karnuka suka yi ƙaura zuwa tsallake. Malamin makaranta yana koyarwa da tsinken shanya a hanci, yara suka koma karatu da muryar agwagi. Pang ya ce a yi turare. Aka kwaso turaren tsinke na ɗakin ibada gaba ɗaya aka soka a gindin Iya, ya ƙara da kwalaben turaren matan gari. Abin da ya fito ba shi da suna. Wata tsohuwa da ta shekara ba ta jin ƙanshin komai ta fito tana kuka, ta ce hancinta ya buɗe kuma ba ta gode ba.

Ana saura 'yan kwanaki biki Madam Lou ta same shi a sabuwar rumfata, ƙyalle ɗaure a fuskarta.

“Pang Dehai, baƙi suna tafe, babban mutum yana tafe. Ko dai ka kawar da warin nan, ko in sa ka kwashe shi da hannu.”

“Shugaba, zauna. Yanzu na gano tushen abin. Kin taɓa tambayar kanki, don wa take wannan warin?”

“Don ta kashe mu.”

“A'a. Kira ne. A zamanin da ƙattin ƙadangarun nan ne suke jin warin su zo su ci 'ya'yan, su kai irin nesa. Sun mutu, ba wanda ya gaya mata. Shekara da shekaru tana dafa abinci tana kira, baƙo bai zo ba, sai ta ƙara murya. In ƙadangare ya zo ya ci a gabanta, hankalinta zai kwanta, ta yi shiru.”

Na ce, “To ina za ka samo ƙadangare mai tsawon gida?”

Ya dubi Fugui, wanda yake zaune yana cin awara bai san hawa ba bai san sauka ba. Fugui ya ajiye tsinkayen cin abincinsa a hankali.

“Yaya, don girman kakanni.”

“Kai ne wutsiya. Wutsiya ba ta komai, bi kawai take yi.”

Madam Lou ta ce ita ba ta ji ba, ba ta gani ba, amma in za a yi, a yi kafin baƙi su iso. Pang ya ce sam, dole sai a gaban jama'a, don Iya ta san abin na hukuma ne.

Suka ɗauko rigar rawar zaki ta sabuwar shekara, mai ƙaton kai na gora da takarda. Suka shafe ta da koren fentin da ya rage daga ƙofar makaranta, suka manna haƙoran kwali, suka ɗaura tsohon tiyo a baya ya zama jela. Guilan ta leƙo ta ce abin ya fi kama da kabewar da mota ta taka.

Ranar biki gari ya yi kyau, ba ƙarya. Iya ta koma zinariya tun daga sama har ƙasa. Mun share dandali tun da asuba, mun rataya jajayen fitilu. Motoci suka zo cike da mutanen birni da kyamarori, muka tare su a gada muna raba musu ƙyallen toshe hanci a matsayin tsaraba. Mataimakin shugaban gunduma ya iso da baƙar kwat da takalmi mai sheƙi. Mutum ne mai kunya, ya ƙi karɓar ƙyalle, ya tsaya a kan dakali yana jawabi idanunsa suna hawaye. Mutanen tsallake kuwa sun zo ƙwansu da kwarkwatarsu, Tsoho Kuang har da kujerarsa.

Ana cikin jawabi sai ganga ta tashi daga bayan gidan aski. Koren ƙadangare ya fito yana tangaɗi, gaba yana rawa, baya yana jan ƙafa. Daga cikin bakin muryar Pang take fitowa.

“Iya! Ga ni na zo! Kin daɗe kina kira, hanya ce ta yi nisa!”

Yara suka tsere. Mutanen birni suka ɗauka cikin shirin biki ne, suka hau tafi. Mataimakin ya sunkuya ya tambayi Madam Lou ko al'adar gargajiya ce. Ta ce e, amma ba ta daɗe ba.

Ƙadangare ya durƙusa a gindin Iya. Hannu ya fito daga tsakanin haƙoran kwali, ya tsinci 'ya'yan da suka faɗo, ya mayar ciki. Kowa a garinmu ya san ruwan naman nan ko fatar hannu ya taɓa sai ta yi bororo, shi ya sa ake kwasarsa da safar roba. Pang kuwa a baki ya sa. Sannan muka ji wani sauti kamar ana murɗe wuyan akuya.

“Daɗi!” ya ce da ƙyar. “Iya, hannunki bai canja ba! Ƙaro!”

“Yaya,” in ji wutsiya, “ni fa ba na iya numfashi.”

“Yi shiru, ƙadangare ba ya magana ta baya!”

Ya ƙara ci, ya ƙara. Ya ɗago kai ya shaƙi iska, wari yana nan. Sai ya yanke cewa Iya ba ta gan shi ba, don tsufa, dole ya taɓa ta ta ji. Ya ja da baya, ya ce wa Fugui su ruga. Suka rugo. Ƙafar Pang ta taka ruɓaɓɓen ɗa, ya sulale, kan ƙadangare ya kauce wa gindin bishiya ya daki gorar da ta tokare babban reshe. Gorar ta faɗi ta daki ta kusa da ita, ita ma ta daki ta gaba, haka suka bi juna suna zubewa har suka zagaye Iya.

Rassa suka sauko suka koma sama, Iya ta girgiza gaba ɗaya, ta sako duk abin da ta riƙe tun bazara.

Ban taɓa ganin ruwa irin wannan ba. Ya sauka a kan huluna, a cikin kwanukan taliya, a bakin mai busa sarewa. Mutane suka tashi gudu, ƙasa kuwa ta zama sabulu. Wata 'yar birni mai farar riga ta zauna daɓas ta tafi da zama har bakin rijiya. Mai ganga ya faɗa kan gangarsa. Mataimakin shugaban gunduma ya sauko daga dakali da niyyar tafiya cikin mutunci, takalminsa mai sheƙi ya ɗauke shi, ya wuce ta gabana a tsaye, hannu a sama kamar yana gaishe da jama'a, bai tsaya ba sai a cinyar Tsoho Kuang.

“Sannu da zuwa, ranka ya daɗe,” in ji Kuang. “Mu ma muna gayyatarka namu bikin. Namu a bushe ake yi.”

Fugui ya ga abin ya ishe shi, ya juya ya nufi gida da rabin rigarsa. Pang ya nufi rafi da nasa rabin. Ƙadangare ya yage biyu, gaba ya yi gabas, wutsiya ta yi yamma. Toron agwagwar Guilan, wanda dama ba ya ga maciji da kowa, ya ga wani koren abu yana rarrafe zuwa ruwansa, ya buɗe fiffike ya hau kansa da sara. Kan takarda ya jiƙe ya narke, fuskar Farfesa ta fito, koriya shar, tabarau a kunne ɗaya, leɓɓansa sun kumbura sun yi kamar an ɗora gurasa biyu.

Kafin rana ta yi tsaka motoci sun watse. Direbobin sun ƙi barin kowa ya shiga da takalmi, aka bar mana tulin takalman birni a bakin gada.

Da yamma Madam Lou ta tara gari a dandali, kowa a tsaye don ba wurin zama. Aka kawo Pang a baro, an shafe masa baki da magani fari fat. Mai magani ya ce harshen ma ya kumbura, ba zai iya furta kalma ba sai sanyi ya wuce.

“Pang Dehai,” in ji Madam Lou, “me za ka ce wa mutanen nan?”

Pang ya ɗaga yatsa sama yadda yake yi in zai kawo ilimi. “Mmm. Mmbu mmm.”

Guilan ta matso ta dafa kafaɗarsa. “Shugaba, shekara da shekaru muna tare, ni nake gane maganarsa. Ya ce shi ba Farfesa ba ne, mai gadi ne.”

“Mmm!” Pang ya girgiza kai da ƙarfi.

“Ya ce ko gadin ma korarsa aka yi.”

“Mmmm! Mm!”

“Ya ce shi kaɗai zai kwashe 'ya'yan nan, ya wanke ƙwallayen, ya raba wa kowane gida.”

Pang ya hau dukan gefen baro da hannu biyu, idanunsa kamar za su faɗo.

Na ce, “Yaya Guilan, wannan karon kamar da zafi ya yi maganar. Me ya ce?”

Ta sunkuya ta kara kunne a bakinsa, ta saurara da kyau, ta gyaɗa kai.

“Ya ce a ba shi shebur yanzu, ba ya son ya jira gobe.”

Aka ba shi.